Digirin Zayyana da Haƙƙin Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Fannin zayyanar isar da saƙo ta hanyar gani, watau ilmin tsara bangon littafi, da allon talla, da tambarin kamfani, ba baƙo ba ne a Zariya. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake koyar da zane a kwalejin da ta gada. Yau ɗalibin da ke neman digirin farko a wannan fanni a Nijeriya sai ya zo da kiredit biyar, ciki har da Ingilishi. Zai yi shekara huɗu ko biyar, gwargwadon jami'arsa, yana koyon zane, da haɗa launi, da ɗaukar hoto, da tsara haruffa, sa'an nan ya tafi koyon aiki a maɗaba'a ko kamfanin talla. Manufa ita ce ya fito da ikon isar da saƙo ga jama'a ba tare da ruɗani ba.

To, amma wace jama'a? Mai zayyanar da zai zauna a Kano ko Katsina, yawancin waɗanda za su karanta aikinsa da Hausa za su karanta shi, alhali kuwa sharuɗɗan ƙasa ba su wajabta masa sanin ƙa'idar rubutunta ba. Sakamakon haka yana nan a fili a bangon garuruwa. Ana buga "baki" a gurbin "baƙi", da "kafa" a gurbin "ƙafa". Allon asibitin da ya jefar da ƙugiyar "ƙashi" kuwa, ya faɗi abin da ba a faɗa gaban surukai. Sau da yawa ba ganganci ba ne: samfurin haruffan da aka zaɓa a kwamfuta ne ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, sai injin ya aro su daga wani samfuri, kalma ta fito da ɗingishi. Gane wannan aibi da gyara shi aikin mai zayyana ne tsantsa, ba na malamin nahawu ba. Abin takaici ne a ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ya zura ido baƙaƙen suna ɓacewa.

Ga kuma ajami, wanda har yanzu yake kan takardun naira 200, 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Samfurin haruffan Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano, ƙungiyar SIL ce ta fitar da shi a 2017, ba wani sashen zane na Arewa ba.

Wani zai ce ɗaliban daga ko'ina suke zuwa, bai dace a ɗora musu Hausa ba. Lalle da gaskiyarsa, sai dai Yarbanci da Ibo ma suna da ɗigon ƙasa da alamun karin sauti waɗanda maɗaba'u ke zubarwa. Kowa sai a jarraba shi a harshen da zai yi wa aiki.

Ƙofa kuwa a buɗe take. Manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Kwas ɗaya na tilas a shekara ta biyu, wanda Sashen Hausa da na Zayyana za su koyar tare, ya isa a fara da shi, muddin aka shardanta cewa aikin kammala digiri ya ƙunshi shafi ko allo guda da aka tsara cikin harshen gida, malamin harshen kuma ya zauna cikin masu ba da maki.