Laifin Tsufa Ne Ko Na Sakaci?

Ran nan da dare, bayan an tashi daga karatu, gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokina a ɗakin kwana. Mun ga hoton wani jirgi ne cikin wata mujalla a laburare, irin wanda ke ɗaukar 'yan kallo a filayen nishaɗi na Amurka, aka ce ya fi shekara 30 yana aiki. Abokina ya ce shi ko kyauta ba ya shiga, gama tsohon ƙarfe ba abin amincewa ba ne. Ni kuwa na ce ba tsufan ne abin tsoro ba. Ƙararrawa ta raba mu ba mu ƙare ba, shi ya sa na kawo maganar gaban jama'a.

Bari in fara bayyana jirgin. Turawa na ce da shi monorel, watau mai dogo guda. Maimakon ƙarfe biyu shimfiɗe a ƙasa irin na jirginmu, dogonsa gungumen kankare ne ɗaya tak, an ɗora shi bisa ginshiƙai can sama da kawunan mutane. Jirgin yana zaune a kansa kamar mahayi bisa doki, da tayoyin roba, waɗansu suna ɗauke da nauyinsa, waɗansu a gefe suna riƙe da shi kada ya goce. Lantarki ke jansa. An buɗe na filin Disneyland a Kalifoniya cikin 1959, na Walt Disney World a Fulorida kuwa cikin 1971, tsawon dogonsa ya kusa mil 15. Jiragen da aka zuba a Fulorida tsakanin 1989 da 1991, su ne waɗanda muka gani a hoto.

To, mu duba haɗari mafi muni da ya auku a can, mu ga ko tsufa ne ya jawo shi. Ran 5 ga Yuli 2009, wajen ƙarfe biyu na dare, jama'a sun watse daga bikin ranar 'yancin Amurka, aka so a fid da wani jirgi daga hanya. Kafin ya koma wata hanyar dole ne a karkata masa wani sashen dogon. Mai wannan aiki ya ce ya karkata, alhali dogon yana nan inda ya ke. Manajan da ke ba da izini ba ya ɗakin da zai iya gani da idonsa, yana wani gidan abinci ne yana magana ta rediyo. Ya ce a tafi. Akwai na'urar da ke tsai da jirgi in ya kusaci wani, amma al'adarsu ce a danne ta lokacin irin wannan juyi. Direba ya yi ta ja da baya bisa hanyar da ya fito, har ya afka wa jirgin da ke bayansa. Direban wancan jirgi, saurayi ɗan shekara 21, sa'an waɗansunmu, ya rasu. Da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gama aikinta, laifin da ta samu na mutane ne da na tsarin aikin kamfanin, ba ta ce ƙarfe ya gaji ba.

Kada a ce misali ɗaya ne, bari in kawo wani daga Jamus. A birnin Wuppertal akwai jirgi mai dogo guda wanda ya girmi dukan waɗannan. Shi ba na filin wasa ba ne, na kai mutane aiki ne, yana kuwa rataye ƙarƙashin dogonsa bisa kogi tun 1901. Ran 12 ga Afrilu 1999 ma'aikata suka kwana suna sabunta hanya, garin gaggawa suka manta da wani ƙarfen matsi a jikin dogo. Ba a tura jirgi wofi ya gwada hanya ba. Jirgin farko na asuba ya buge shi, ya faɗa kogi, mutum 5 suka mutu, 47 suka ji rauni. Hanyar da ta shekara 98 tana hidima, ƙarfe guda da aka manta ya kā da jirginta.

Ku lura, duka biyu sun auku ne a sa'ar da gajiya ta kama kowa, wajen aikin da aka saba yi har an daina tsoronsa. Gaskiyar Hausawa, sabo turken wawa.

Amma ba zan zalunci abokina ba, yana da tasa gaskiyar. Taya tana cinyewa, waya tana tsufa, ƙofa tana saki, kayan gyaran tsohon inji kuwa sai su yi wuyar samu. Cikin Janairu 2018 an ɗauki hoton wani jirgin Fulorida yana gudu da fasinjoji, ƙofarsa guda a buɗe. Kafin wannan, cikin Yuni 1985, taya ta sace wa wani, ta yi ta gogar kankare har ta kama wuta. Mutane suka ɓalle tagogi suka hau rufin jirgin, sai da 'yan kwana-kwana suka sauko da su. Nan ne wannan jirgi ya fi namu hatsari: in ya tsaya a sama, ba inda za ka sa ƙafa. Saboda haka ƙaramar ɓarna a gare shi babba ce.

Ga abin da na ke gani ya wajaba. Na ɗaya, kowane yanki na jirgi a rubuta kwanakinsa, a sāke shi kafin ya mutu, ko da yana kama da mai lafiya. Na biyu, kada wani ya ba da izinin tafiya bisa “an ce”, sai ya gani, wani kuma ya sāke dubawa. Na uku, ranar da aka sayi jirgi a fara tara kuɗin magajinsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, makanikin da ya ce yau jirgi ba ya fita, a gode masa, ko da 'yan kallo dubu suna jira a ƙofa. Filin nishaɗi ciniki ne, tsai da jirgi kuwa hasara ce, shi ya sa na huɗun ya fi sauran wuya.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe za a danƙa mana makarantu, da rufinsu da rijiyarsu da 'ya'yan mutane. Mun saba tafa wa wanda ya buɗe sabon gini, mu manta da wanda ke zagayawa kowace safiya yana duba azara. Ni dai zan shiga jirgi mai shekara 30 in na san an dube shi daren jiya, ba na shiga sabo fil wanda ba mai dubawa. In abokina yana da amsa, ga fili nan, ya rubuto.