Kawu ne ko Baffa? Abin da ƙamusun waya ke koya wa yaranmu



Yau kan aikin gida za mu tattauna. Kowace uwa ta san yadda abin yake: an ba yaro kalmomin Turanci goma ya nemo ma'anarsu, sai ya karɓi wayarki, ya latsa, ya kwafe abin da ya fara gani. Ba mu cika tambayar daga ina amsar ta fito ba, balle wanda ya tsara ta.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake tara irin waɗannan bayanai shi ne Wikidata, ƙanwar Wikipedia, wadda aka buɗe a 2012. Rumbu ne da masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke zuba wa bayanai, kowa kuma yana iya ɗiba kyauta, har da masu ƙera manhajoji. Tun 2018 aka buɗe sashen kalmomi a cikinsa. Kowace kalma tana da lambarta mai farawa da harafin L, kamar dai lambar katin asibiti. A ƙarƙashin lambar ake rubuta ajin kalmar, suna ce ko aikatau, da tilonta da jam'inta, sannan ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani aiki na haƙuri da masu sa kai ke yi a wurin: su ɗauki kalmar Turanci su haɗa ta da shafinta a manyan ƙamusoshin intanet, irin su Oxford na Ingila da Merriam-Webster na Amurka. Amfaninsa shi ne duk mai shakka zai iya bin sawu ya ga abin da masana suka rubuta. Haka kuma idan kalma tana cikin ƙamus amma babu ita a rumbun, nan take giɓin zai bayyana a cike shi.

Aikin yana da wahala, domin rubutu ɗaya ba ya nufin kalma ɗaya. Ɗauki “well”. Tana nufin rijiya, tana kuma nufin lafiya ko da kyau. Ƙamus yakan raba su gida-gida, rumbun ma kowacce da lambarta. In aka haɗa lambar rijiya da shafin lafiya, kuskuren zai bi duk manhajar da ta ɗebi bayanin. Irin wannan ruɗani ne ke sa yaro ya ga jimlar da ke cewa mutum yana nan lafiya, shi kuwa ya rubuta rijiya a littafinsa. Mu ma muna da irinsa: kukan jariri daban, kukar miya daban, garin tuwo daban, garin Kano daban. Kunnenmu yana rarrabewa da karin sauti ko tsawon wasali, amma a rubuce kamarsu ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda Hausa ta fi Turanci faɗi. Bature yana da “uncle” kawai, mu kuwa muna da kawu, ɗan'uwan uwa, da baffa, ɗan'uwan uba. Yana da “aunt”, mu muna da inna da gwaggo. Bambancin nan ba ado ba ne, shi ke nuna wa yaro dangin uwa da dangin uba, da wanda ake zuwa wurinsa ranar neman aure. Idan waya ta saba ba shi kalma ɗaya tak, sannu a hankali kowa zai koma “anti” da “ankul”, kamar yadda muke ji a gidaje da yawa yanzu.

Ba wai Hausa ba ta da ƙamus ba ne. Na Bargery ya fito tun 1934, an kuma sa shi a intanet. Roxana Ma Newman ta fitar da na Turanci zuwa Hausa a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. A 2021 ma an zaɓi Hausa, tare da Ibo da wasu harsuna ƙalilan, cikin waɗanda za a mayar da hankali wajen shigar da kalmominsu a Wikidata. Ƙofa a buɗe take, masu shiga ake nema. Kalmomin madafi, na goyo da jego, na zumunta, wa ya fi mu saninsu? Maburgi, mara, faifai, kunun kanwa, a bakinmu suke.

Kafin nan, ga abin da za ki iya yi daga daren yau:

1. Kada ki bar yaro ya nemi kalma tsurarta. Ya fara karanta miki jimlar da ta fito a ciki.
2. Ki sa shi ya gangara ƙasan shafin ya karanta ma'ana ta biyu da ta uku, sannan ya zaɓi wadda ta dace da jimlar.
3. Ya faɗa miki ma'anar da Hausa, da bakinsa. In ya kasa, bai gane ba, kwafa kawai ya yi.
4. In amsar ta yi miki bambaraƙwai, ku duba wani ƙamus na biyu, ko a tambayi malaminsa washegari.

Ba sai kin iya Turanci sosai ba. Ke ce mai Hausar, kuma rabin aikin fassara a hannun mai Hausa yake. Wadda kuma take da matashiya mai son kwamfuta a gida, ta nuna mata wannan hanya: buɗe asusu kyauta ne, kalma biyar a mako ma gudummawa ce. Da yayyafi kogi kan cika.

Wace kalmar Hausa ce kika lura yaranki sun daina faɗa, sun maye gurbinta da ta Turanci? Ki rubuto mana a ƙasa, mu tattara su. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.