Rusau a Duniyar Gem: Abin da Sabon Zubi Ke Kawowa

  

Yau zan taɓo wani batu ne da na san wasu daga cikin manyanmu za su ce na yara ne, wato wasannin gem da ake yi ta intanet. To amma duk mai ɗa ko ƙane ko yaron shago a nan Wuse ya san yadda waɗannan wasanni suke cin lokaci da kuɗin data, don haka gara mu san abin da ke ciki. Irin wasan da nake nufi shi ne wanda mutum zai ƙirƙiri jarumi nasa na kansa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko maƙeri ko mai magani, sannan ya shiga da shi wata duniya wadda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suke cikinta a lokaci guda. Akwai garuruwa, akwai kasuwa, akwai daji, akwai kuɗi. Wasan ba ya ƙarewa. Ko ka kashe kwamfutarka ka kwanta, duniyar tana nan tana gudana a kan uwar garken kamfanin, gobe ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya.

To lokaci zuwa lokaci kamfanin da ya mallaki wasan yakan yi masa gagarumin garambawul, ya fito da sabon zubi. A ranar za ka ga matasa suna ta murna kamar jajiberin sallah. Ni kuwa ra'ayina shi ne, ranar sabon zubi ita ce ranar da ɗan wasa ke tuna cewa shi ɗan haya ne. Kuma ina ganin babu wanda ya kamata ya fi mu saurin gane wannan, mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya muka zo muka zauna a garin da aka zana shi a takarda tun kafin a gina shi.

Bari mu fara da alherin da ke ciki, don kada a ce na yi son kai. Ɗauki wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004. A watan Janairu na 2007 aka fitar da babban ƙarinsa na farko mai suna The Burning Crusade, aka sayar da kwafi kusan miliyan 2.4 a rana guda. Me ya kawo? An buɗe sabuwar ƙasa sukutum, an ƙara ƙabilu biyu da mutum zai iya zaɓa, an ɗaga ƙololuwar matakin da jarumi zai kai daga 60 zuwa 70, an kuma kawo dabbobin hawa masu tashi sama. Wanda ya gaji da zagaye wuri ɗaya ya samu inda zai nufa, abokan da suka daina shiga suka dawo, kasuwa ta sake cika. Wasan da ba a taɓa shi mutuwa yake yi, kamar dai shagon da ba a zuba masa sabon kaya. Wannan ban musa ba.

Amma fa mai karatu, ga ɗaya gefen. Kafin wannan ƙari, samun manyan makamai a wasan sai mutum 40 sun haɗu sun yi gayya, dare bayan dare, wata da watanni, kafin takobi ɗaya ya faɗo a hannun mutum ɗaya. Da sabuwar ƙasar ta buɗe, sai ga shi cikin 'yan kwanaki ƙananan aikace-aikace suna ba da kayan da suka kamo wancan takobin ko ma suka fi shi. Gumin shekara biyu ya koma kayan tarihi. Wanda ya ga canjin kuɗi na 1984, ko wanda ya sha layin banki a farkon 2023, ya san yadda ake ji idan aka wayi gari abin da ke hannunka ya rage daraja ba tare da ka yi laifin komai ba. Haka kuma aka rage yawan masu gayya daga 40 zuwa 25. A takarda gyara ne mai kyau, don tara mutum 40 aiki ne ja. A zahiri kuwa ma'anarsa ita ce kowace ƙungiya sai ta ce wa wasu abokanta babu gurbinku yau.

A watan Disamba na 2010 kamfanin ya yi wanda ya fi wannan. Lokacin wasan yana kan ganiyarsa, da masu biyan kuɗin wata miliyan 12. Aka fito da zubin Cataclysm, aka ce wani dodo ya fasa ƙasa ya fito, aka sake fasalin tsohuwar duniyar baki ɗaya. Wani fili ya tsage biyu, wani kwari ruwa ya shanye shi, wani garin bakin teku ya zama kufai. Ayyukan cikin wasan sun fi tsari, zanen ya fi kyau, amma wurin da mutum ya fara haɗuwa da abokinsa shekara shida baya ya tafi, kuma babu hanyar komawa.

Ashe wannan baƙon labari ne a wurinmu? A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni, ƙasar yankin ta koma hannun gwamnatin tarayya. Wusen da muke taƙama da ita yau, mai shiyya-shiyya da kwalta, akwai Wusen da ta riga ta, kuma mutanenta ne aka mayar Sabon Wuse da ke jihar Neja a kan hanyar Kaduna. Mu kanmu da muka zo daga baya mun ga namu. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, an yi rusau da sunan komawa kan taswirar asali, kuma a watan Oktoba na 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, 'yan uwanmu da dama suka koma gefen gari ko suka tattara suka tafi gida. Har yau ana gardama a majalisu, wasu na cewa garin ya gyaru, wasu na cewa an zalunce su, kuma kowane ɓangare yana da abin nunawa. Ban kawo wannan don in daidaita rushe gidan mutum da rushe gidan gem ba, Allah Ya kiyaye, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin kwatance. Na kawo shi ne don tambayar iri ɗaya ce: idan mai wuri ya tashi gyara, me ya wajaba a kansa game da waɗanda suka raya wurin?

Wasan da ya fi ba ni amsa shi ne RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila, wanda ya fito a 2001. A wancan lokacin ba shi da nauyi, a cikin shafin intanet ake buɗe shi, shi ya sa ya dace da zamanin da sai an je kafe an sayi awa, ko a biya kuɗin kwana. Daɗin wasan yana cikin kasuwarsa ne. Ka sari itace ko ka kama kifi ko ka haƙo ma'adini, ka kai gari ka yi ciniki da mutum ido da ido, a taya a yi albarka. Sai wasu suka mayar da tara zinaren wasan sana'a, suna sayar da shi da kuɗin gaske, har da masu biyan kuɗin wata da katin banki na sata. Kamfanin ya ga abin zai durƙusar da shi, sai a watan Disamba na 2007 ya sanar da soke ciniki na sakaka, ya kuma hana farautar juna a dajin da aka saba yi. Daga nan ba ka da ikon miƙa wa wani kayan da darajarsu ta zarce abin da ya ba ka sai da ɗan ƙanƙanin bambanci.

Ku duba fa, 'yan uwa 'yan kasuwa. A ce an wayi gari a kasuwar Wuse an kafa doka cewa ba kyauta, ba bashi, ba ka isa ka ɗauki jari ka ba yaronka ya fara juyawa ba, duk don a kama ɓarayi. Ɓarayin za su ragu, gaskiya ne, amma me ya saura na kasuwa? Ai amana da kyautatawa su ne ke riƙe da ita. Garin neman gira aka rasa ido. 'Yan wasa suka yi zanga-zanga a cikin garuruwan wasan, wasu suka fice. Sai a ƙarshen 2010 kamfanin ya kira ƙuri'a, mutum sama da miliyan ɗaya suka jefa, kashi 91 cikin ɗari suka ce a dawo da tsohon tsari, aka dawo da shi a watan Fabrairu na 2011.

Bai ƙare a nan ba. A watan Nuwamba na 2012 suka sake tsarin faɗa gaba ɗaya, jama'a suka sake tawaye. Wannan karon sai kamfanin ya tono wani tsohon kwafin wasan na watan Agusta 2007 da ya adana, ya buɗe shi daban a watan Fabrairu na 2013 da sunan Old School RuneScape, tare da alƙawarin cewa ba za a ƙara wani sabon abu mai muhimmanci ba sai an kaɗa ƙuri'a ya samu kashi 75 cikin ɗari. A 2022 aka sassauta zuwa kashi 70. Abin sha'awa, wannan tsohon zubin bai tsaya cik ba, an yi ta ƙara masa sababbin wurare da ayyuka, ya shigo wayar salula a 2018, har ya zo ya fi ɗan'uwansa na zamani cika. Blizzard ma daga baya ta bi sahu, ta buɗe World of Warcraft Classic a watan Agusta na 2019. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma darasin da na ɗauka ya wuce begen jiya: mutane suna karɓar canji idan an tambaye su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma misalin diyya. Wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix da ke Japan ya fito a 2010 a lalace, kowa na kuka da shi. Kamfanin ya nemi afuwa, ya canja shugabannin aikin, ya sanar tun da wuri cewa za a rushe duniyar a sake gini. A watan Nuwamba na 2012 aka rufe, a watan Agusta na 2013 aka buɗe sabuwa. Waɗanda suka yi haƙuri da tsohuwar sun tarar da jarumansu suna jiransu, an rage wa waɗanda suka daɗe suna biya kuɗin wata, an kuma rubuta sunayensu a jerin godiya. Rusau ne sosai, amma da sanarwa, da sabon matsuguni, da mutuntawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura wani nauyi da masu zana waɗannan wasanni ba su cika tunawa da shi ba, mu kuwa a kanmu yake sauka. Kowane sabon zubi sai an sauke shi, kuma gigabait ne masu yawa. Wasa irin Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, kusan duk mako shida yake sabuntawa, yana ƙara ƙiba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ga batun wuta, ga waya da ke cika. Wayar da ta ɗauki wasan bara, bana sai ta riƙa zafi tana sandarewa, daga nan sai yaro ya fara leƙen shagunan Banex yana lissafin abin da ba shi da shi. An ce wasan kyauta ne, amma sabon zubi yakan tace mutane ta hanyar aljihu, kamar yadda kuɗin haya ya tace da yawanmu daga tsakiyar gari zuwa Kubwa da Nyanya da Mararaba.

Don haka ga matsayata. Ba na cikin masu cewa a hana yara gem kwata-kwata, don na ga waɗanda suka koyi Turanci da lissafin riba da haƙurin aiki da jama'a ta wannan hanya. Kuma ba na cikin masu zagin kowane sabon abu. Ma'aunina uku ne idan an fito da sabon zubi: an sanar da mutane da wuri, an ji ta bakinsu? An kiyaye darajar wahalar da suka sha? Mai ƙaramar waya da ƙaramin data zai iya ci gaba da shiga? Wasan da ya faɗi waɗannan bai cancanci kuɗinka ba.

Ku kuma ƙannena masu bugawa, ku riƙe wannan. Takobin nan da gidan nan da zinaren nan, duk a kan uwar garken wani suke, kuma yarjejeniyar da kuka latsa ba ku karanta ba ta ba shi ikon canjawa ko rufewa. A watan Janairu na 2023 'yan wasan World of Warcraft na ƙasar Sin sun wayi gari an rufe musu, saboda yarjejeniya ta ƙare tsakanin kamfanoni biyu, sai a 2024 aka sake buɗewa. Zanen aro ba ya rufe katara. Kada ka zuba kuɗin makaranta ko jarin maigidanka a kan abin da gyara ɗaya zai mayar da shi toka, kada kuma sallah ta wuce ka saboda gayya. Abokan kirki da ka samu a ciki, ka nemi hanyar zumunci da su a waje, don su ne kaɗai abin da za ka fita da shi ranar da aka zo da katafila.

Iyaye kuma, maimakon faɗa kullum, a zauna da yaro a tambaye shi me sabon zubin ya canja, nawa ya ci, wa ya amfana. Yaron da ya iya amsa waɗannan a kan gem, gobe zai iya yin su a kan takardar haya da takardar fili.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu matsuguni na ƙwarai duniya da lahira. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.