Jijiya Ce Ta Ɗaure: Manomin Cadakori Bai Yi Kuskure Ba

Manomi a Cadakori ya wuni yana noman gero, cikin dare sharaɓarsa ta dunƙule, ya zabura yana salati, ya ce jijiya ta ɗaure masa. Wasu masu ilimin zamani sun ce wannan magana kuskure ce. Hujjojinsu sun cancanci amsa.

Sun ce jijiya hanyar jini ce kawai. Su leƙa rumfar mahauta a kasuwar Gidan Runji. Farin zaren nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wanda wuƙa ke zamewa a kansa, jijiya mahauci ke kiransa, alhali ba magudanar jini ba ne. Da haka ma'anar ta ƙuntata, da Bahaushe bai buƙaci cewa "jijiyar jini" ba idan yana son bambancewa.

Sun kuma ce ciwon a tsoka yake. Haka ne, amma wa ya umarce ta? Saƙo ne ke sauko mata daga laka ta jijiyoyi. A 1997 Martin Schwellnus, likitan 'yan wasa a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ya kawo bayanin cewa gajiya ce ke rikita wannan saƙo: umarnin ƙanƙamewa ya yi yawa, na saki kuma, wanda ke tasowa daga mahaɗar tsoka da jijiya, ya raunana. Shi ya sa idan ƙafar ɗan kokowa ta ɗaure a filin Yakuba Kantu na Maraɗi, maganin gaggawa shi ne a miƙe ta, a danna yatsun wajen ƙauri. Agara ta ja, tsoka ta saki. Rashin ruwa da gishiri a jiki ma na kawo ɗaurewar, kamar ga masu kwalara, irin wadda ta ɓarke a Madarunfa a 2018. Wannan kam asibiti yake buƙata, ba matsa ba.

Mafi rauni ita ce shawararsu ta a riƙa cewa minjirya. Minjirya sunan kifin nan ne mai fizgar wanda ya taɓa shi, aka ara wa zirr ɗin da ƙafa ke yi bayan dogon zama kan tabarma. Babu dunƙulewa a cikinta. Haɗa minjirya da ɗaurewar jijiya na da illa a gaban likita, domin minjiryar da ta ƙi barin tafin ƙafa tana iya zama alamar ciwon sukari, kuma sai an gwada jini a gane.