Zuwa ga masu tausa da ɗori na ƙasar Kornaka: maganar abin da ke faruwa bayan an saki labule

Iyayena da yayyena: maɗora, masu tausa, wanzamai masu ƙaho, da ungozomomin da ke gasa wa mai jego jiki, daga Kornaka har Sabon Mashi, Ajekoriya, Ɗan Gulbi da Mayara.  

Ni jikar maɗori ce, shi ya sa na yi ƙarfin halin ɗauko maganar da ba a saba jin ta daga bakin yaro ba. Na tashi ina riƙe wa kakana kwanon man shanu yana laluben targaɗe da babban yatsa, ina miƙo masa karan da zai jera wa karaya. A zaure yake aiki, ƙofa buɗe. In kuwa mace aka kawo, ko da kuka take saboda zafi, ba ya ɗora mata hannu sai kakata ta fito ta zauna daidai kanta. Da ina ƙarama na ɗauka tsoron tsohuwar yake ji. Sai da na yi hankali na gane wa yake tsarewa: matar, da kansa, da sunan gidan da ya gada.

Kun fi ni sanin abin da ke kawo muku mata. Daka tun asuba, jan guga daga rijiya mai zurfi, dakon itace, haihuwa kan haihuwa. Ƙugu ya riƙe, baya ya ƙage, kwankwaso ya ƙi miƙewa. Likita da nisa, kuɗin kabu-kabu babu, ku ne kusa. Sai ta zo ta yi a gabanku abin da ba ta yi gaban kowa in ba mijinta ba: ta sassauta zane, ta kwanta rub da ciki, ta juya muku baya. Ba ta ganin hannunku, ba ta san inda jijiyar ta bi ba. Duk inda kuka ce nan ciwon yake, ta yarda.

Shekarun baya wata mata ta zo wajen gwaggona, wadda ungozoma ce, da dare, tana cewa mararta ke ciwo. Sai da aka fitar da yara ta faɗi gaskiya. Ta je wajen wani mai tausa da ke bin kasuwanni, ya ce mahaifarta ce ta juye, sai ya gyara ta daga ciki, ya kuma ce yarinyar da ta rako ta ta jira waje don maganin ba ya son ido. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne: "Ni na kai kaina. Ni na kwance zanena. Wa zai yarda?" Gwaggo ta ɗora mata ruwan zafi ta yi wanka, ta wanke zanen da hannunta, don tausayi. Kwana biyu bayan haka maza suka zauna a wani zaure, aka ba mijin ƴan jikkuna, aka yi fatiha, aka ce a rufa asiri. Matar ba ta cikin zauren. Mutumin ya sake kasuwa. Gwaggo ta rasu tana ganin ta kyauta, ni ma ban ga laifinta ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ruwan nan da ta ɗora ya tafi da shaida.

To, ga amsar wannan "ni na kai kaina". Kundin dokar laifuka ta Nijar, na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya bayyana fyaɗe a aya ta 283: duk wani shigar jikin mutum ta hanyar jima'i, ko da wane iri ne, in an yi shi da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Ku riƙe kalmar nan ta ƙarshe, don ita ce ta shafi ɗakinku. Ba sai an shaƙe mace ba, ba sai ta yi kururuwa unguwa ta ji ba. Wadda ta kwanta don a matsa mata ƙugu, ƙugu ta yarda a matsa. Abin da ya wuce nan da sunan magani, shammatar ta aka yi. "Ko da wane iri ne" kuma yana nufin yatsa ma ya shiga lissafi, wani abu ma haka. Dokar ba ta ce mace kaɗai ba. Yaron da aka kawo ɗori da saurayin da ya zo ƙaho duk tana kare su. Hukuncin da kundin ya ajiye shi ne ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in kuma wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Yana ƙara nauyi in mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta, ko malaminsa ne, ko jagoran addini, ko wani ya taya shi. Masu haɗa tausa da ruƙiya su ji wannan da kyau.

Shafa da lalube da ba su kai ga haka ba su ma ba wasa ba ne. Suna da nasu babi, na keta mutunci, da nasu ɗauri na shekaru. "Hannuna ne ya zame" magana ce da alƙali zai auna da inda ciwon yake da inda hannun ya je.

Na san abin da za a ce: muna da sarakuna, me zai kai mu ga jandarma? Ina girmama sarauta, kuma dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane a rikicin gona, bashi, aure da makamantansu. Fyaɗe ba ya ciki. Babban laifi ne da hukuma ke bi da sunan al'umma duka, shi ya sa ko matar ta janye ƙara, mai gabatar da ƙara na gwamnati yana da ikon ci gaba. Kuɗin da aka miƙa a zaure bai rufe komai ba a idon doka. Abin da ya rufe shi ne bakin matar, ya kuma buɗe wa mutumin hanyar kasuwa ta gaba, inda wata ke jiransa da ciwon baya. Mai gari nagari, in aka kawo masa irin wannan, abin da ya dace da rawaninsa shi ne ya haɗa ta da ɗan rakiya zuwa birgad, ofishin jandarma.

Ga abin da nake roƙon ku, musamman ku iyayena ungozomomi, tunda ku ake fara gaya wa. In ta zo, kada tambayar farko ta zama "me ya kai ki?" Ku ce mata ba laifinta ba ne, sannan ku dubi lokaci. Kwana uku na farko, awa 72, su ne ake iya ba ta maganin da ke tare ƙwayar sida kafin ta kama jiki. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana kaiwa kwana biyar, amma gara da wuri. Saboda haka likita ce farko, ƙaramin asibitin CSI mafi kusa ko asibitin Dakoro, ko da ba ta yanke shawarar kai ƙara ba. In ba ta riga ta yi wanka ba, ta daure. Zanen da ɗan kamfai a naɗe su cikin takarda ko tsumma mai tsabta, kada a sa a leda, don leda na riƙe danshi ta ɓata abin da ake nema. A nemi takardar likita, a adana ta kamar takardar gona. In mutumin ya aiko saƙon murya ta WhatsApp yana ba da haƙuri ko yana tsoratarwa, kada a goge. Yarinyar da aka ce ta jira waje ita ma shaida ce: ta san lokacin, ta san an fitar da ita, ta ga fuskar da aka fito da ita. Kotun ƙasa ba ta neman shaidu huɗu. Tana duba duk abin da ya nuna gaskiya. Kada kuma wani ɗan'uwa mai zafin kai ya watsa labarin a Facebook. Sunanta zai ɓata, shari'ar kuma ba ta ƙaru da komai ba.

Ƙofar kai ƙara ba ɗaya ba ce. Ana iya zuwa wajen jandarmomi ko ƴan sanda, su rubuta bayaninta, su kuma ba da takardar da ke umurtar likita ya duba ta. Ana iya kai takardar ƙara kai tsaye kotun Dakoro, ko wajen mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maraɗi. In aka ga maganar ta kwanta, doka ta ba ta damar shigar da ƙara gaban alƙalin bincike a matsayin wadda aka cuta mai neman diyya, sai dai a nan akan nemi a ajiye wani kuɗi tukuna. Diyyar nan haƙƙinta ce, alƙali ke yanke ta bayan ɗaurin, ba a madadinsa ba: kuɗin magani, kwanakin da ta rasa na sana'a, da ciwon zuciya. Ko an makara ma hanya ba ta toshe ba. Wa'adin kai ƙarar babban laifi shekara goma ne, na matsakaici shekara uku. Matar da gwaggona ta yi wa wanka tana da shekara goma a hannunta, ba wanda ya gaya mata.

Talaka ba ya shari'a, in ji mutane. Akwai gaskiya a ciki: Maraɗi da nisa, zuwa ba ɗaya ba, shari'a na jan ƙafa, kuma mai tambaya a ofis ba kullum yake da taushin baki ba. Ba zan ce muku hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ba. Amma tun 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ, mai ba marasa ƙarfi shawara da mai kare su kyauta, tana da ofisoshi a manyan kotuna, kuma yara da matan da aka ci zarafinsu suna cikin waɗanda take ɗauka. Akwai ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, AFJN, akwai ANDDH ta kare haƙƙin ɗan Adam. Hadizatu Mani, baiwar da aka sayar tana yarinya a ƙasar Ƙonni, ba ta fi matanmu gata ba, amma da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai gwamnatin Nijar kanta kotun CEDEAO, a watan Oktoba na 2008 aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa.

Wanda kuma ke ganin wannan duk dokar Nasara ce, ya tambayi malamin unguwarsu. A mazhabarmu ta Malikiyya wadda aka tilasta ba haddi a kanta, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hukuncin cewa wanda ya tilasta ta shi zai biya ta sadaki, ban da horon da ke kansa. Ita ake biya. Ba mijinta ba, ba wanta ba. Hana keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba kuwa, ai kowa ya ji shi a wa'azi. Ban san dalilin da ya sa ake mantawa da shi da zarar an ce magani ne ba.

Sai dai zaman mutum na uku kaɗai bai isa ba. A Amurka an yi wani likitan ƴan wasan tsalle-tsalle, Larry Nassar, wanda ya shekara da shekaru yana cin zarafin ƴan mata da sunan gyaran baya da ƙugu, wani lokaci uwa na zaune cikin ɗakin, ya kare hannunsa da jikinsa ko da mayafi. Da yaran suka yi ƙorafi, manya suka ce ba su fahimci magani ba ne. Sai a Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun yi magana gaban kotu a jihar Mishigan, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175. Jami'ar da yake wa aiki ta biya dala miliyan 500 saboda kunnen ƙashin da ta yi. Abin da ya rufa masa asiri duk tsawon lokacin shi ne abin da ya rufa wa mai bin kasuwannin nan: shi ya san jijiya, ita ba ta sani ba. Don haka mai rakiya ta zauna inda take ganin hannunku. Kafin ku taɓa, ku faɗa da baki, a gaban su biyu: nan zan matsa, daga nan zuwa nan, saboda kaza. A buɗe wurin ciwo kawai. In ta ce a tsaya, a tsaya, ko da aikin bai ƙare ba. Abin da ya shafi mara da ƙasanta, namiji ya tura wa ungozoma ko likita. Ban taɓa jin kakana ya ce akwai maganin da ba ya son ido ba, kuma ya yi ɗori har gemunsa ya yi fari.

Wasu cikinku za su ce: in aka buɗe wannan ƙofa, gobe mai jin haushina ta yi mini sharri fa? Tsoron yana da wuri, kuma doka na hukunta ƙarar ƙarya. Amma ku duba abin da mace ke sakawa a faifai in ta yi magana a ƙauyenmu: aurenta, auren ƙannenta, zaman uwarta a gidan biki. Ba ciniki ba ne da ake shiga don nishaɗi. Mai aiki ƙofa buɗe, da shaida a zaune, shi ya fi kowa samun abin kare kansa ranar da aka yi masa ƙage.

Ku sarakunan aska da shugabannin maɗora, ku kuka san wane ne ya gaji sana'ar, wane ne ya tsince ta a tasha. Kun san wanda mata ke ƙin komawa wajensa ba tare da sun faɗi dalili ba. In kuka kore shi daga kasuwarku kuka yi shiru, Sabon Mashi ko Mayara kuka tura shi. A zamanku na gaba ina roƙon ku fitar da mace ɗaya a kowane gari, dattijuwa mai riƙe sirri, wadda ta san majo mai kula da CSI, ta san ƙofar birgad, ku kuma ware abin da zai biya mata kabu-kabu zuwa Dakoro ita da wadda za ta raka.

Ku yafe mini in na yi tsaurin ido. A gaida mutanen gida.

Taku,
jikar maɗori, daga Kornaka