Jiran Gurbin Jami'a: Mai Sayarwa Da Kaka Da Mai Ajiya Har Bazara

Kowace shekara, tun daga faɗuwar ruwan shuka har a kai ga yankan gero, akwai gidaje a Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda waɗanda su ke jiran abu biyu, watau amfanin gona da amsar Jami'a. Na farko mutum yana iya zuwa ya dubo shi da idonsa. Na biyu kuwa yana cikin wayar yaro, uban da ya biya kuɗin bai san ta inda zai leƙa ba. Don haka ya kamata a warware yadda al'amarin ya ke, zama akwai dukiyar iyaye da shekarun yara a cikinsa.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, ita ke shirya jarrabawar neman shiga. Darussa huɗu a ke yi, maki 400. Cikin 2025 yara wajen 1,900,000 suka zauna mata, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. A watan Yuli na shekarar aka yanke cewa mafi ƙarancin makin shiga Jami'a 150 ne, na kwalejojin fasaha da na horon malamai 100. To, nan ne iyaye da yawa su kan ruɗe. Wannan 150 ɗin ƙofar zaure ce kurum. Kowace Jami'a tana da nata ma'auni, kowane fanni kuma da nasa, har mai neman likitanci ko shari'a a Sakkwato ko Zariya yana iya wuce 200 da nisa a ƙi ɗaukarsa. Jami'o'in Tarayya suna raba gurabensu uku: 45 cikin 100 don cancanta zalla, 35 don jihohin da ke kewaye da Jami'ar, 20 don jihohin da aka bari a baya wajen boko, Zamfara kuwa tana cikinsu.

Cikin 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, Hukumar ta fito da tsarin da a ke kira CAPS. Jami'a ta zaɓi yaro, Hukuma ta amince, sa'an nan a nuna masa a shafinsa na intanet, ya karɓa ko ya ƙi. In ya karɓa, ciniki ya faɗa, sauran ƙofofi sun rufe masa a wannan shekara. In ya ƙi, ba wanda ya yi masa alkawarin wata.

Fatake sun san wannan hali tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura cikin 1929 ana lodin gyada. Wani ya kan sayar da kaka ya karɓi abin da ya samu, wani ya kan zuba a rumbu yana jiran tsadar bazara, wata shekara ya ci riba, wata shekara ƙwari su ci rabonsu, farashi kuma ya karye. A Amurka har suna suka ba abin. Manyan Jami'o'insu suna da neman wuri da na gama-gari. Mai neman wuri ya kan miƙa takardunsa farkon Nuwamba, ya ji amsa tsakiyar Disamba, amma a yawancinsu da sharaɗin in an ɗauke shi lalle ya zo, ya janye daga sauran. Na gama-gari ya kan miƙa a Janairu, ya jira har ƙarshen Maris, sa'an nan ya jera amsoshin ya zaɓa. Malaman fiƙihu za su ga bambancin nan da nan, ɗaya ciniki ne yankakke, ɗaya ciniki ne da zaɓi. Jami'ar Harvard ta sanar da soke neman wuri cikin 2006, bisa hujjar ya fi amfanar 'ya'yan masu hali, waɗanda ba su bukatar gwada inda za a fi rage musu kuɗin makaranta. Da yawancin Jami'o'i suka ƙi bin ta, sai ta mai da shi cikin 2011, ba tare da sharaɗin tilas ba.

A ƙasar nan ba a kiransa haka, amma zaɓin yana nan. Yaron da ya sa babbar Jami'a a zaɓinsa na farko, makinsa kuwa tsaka-tsaki ne, yana tsakanin abu biyu. Ko dai ya sauya tun da wuri zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa 2013, ko ta Jiha da ke Talatar Mafara, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ko kuwa ya zauna jiran jerin sunaye na biyu da na uku. Jami'o'in da a ke rububinsu galibi ba su duban wanda ya sa su na biyu. Kuma makin shekara guda ya ke aiki, wanda ya rasa bana sai ya sake biya ya sake zama baɗi. Mai kuɗi yana iya jira, domin in ta ƙi ya kai ɗansa Jami'ar kuɗi. Mai tireda ko malamin allo ba shi da wannan rumbu na biyu, shi ne a ke ce wa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Amma fa ba kowane jira ne wauta ba. Wanda makinsa ya yi sama ƙwarai, takardunsa sun cika, kuskure ne a firgita shi ya karɓi fannin da ba ya so, ya yi shekara huɗu yana karatu da ƙyashi. Shi kuma mai matsakaicin maki ya sani difloma ta shekara biyu a Ƙaura ba ta toshe hanya ba, in sakamakonta ya yi kyau ana shiga aji biyu na Jami'a da ita kai tsaye.

Jiran yaron Zamfara kuwa ya fi na saura nauyi. An yi shekaru ana riƙe sakamakon WAEC da NECO na makarantun gwamnati saboda bashin da a ke bin Jiha, sai daga 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta shiga biya. Wanda ba shi da wannan sakamako a shafinsa, ko makinsa nawa ne, ba a ɗaukarsa. Cikin Satumba 2021 aka yanke layukan waya a Jihar duka saboda 'yan bindiga, mai son duba sunansa sai ya fita Jihar. Cikin 2022 malaman Jami'a suka yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kalandar karatu ta cakuɗe, masu jira suka taru kan masu jira. Ga kuma hanyar Zurmi da ta Shinkafi, inda zuwa Gusau don gyara takarda guda ya zama tafiyar da sai an yi shawara. Sace ɗaliban Jami'ar Gusau a Sabon Gida cikin Satumba 2023 ya sa har kusanci ma bai isa hujja shi kaɗai ba, sai uba ya tambayi inda 'yarsa za ta kwana.

Inda jira ya yi tsawo, nan dillalai su ke fitowa, su ce a kawo kaza a samo gurbi. Duk gurbin da bai fito ta CAPS ba Hukuma ba ta san da shi ba, kuma cikin 2024 ta sanar ta daina halatta irinsa daga baya. Yaro yana iya gama karatu a rasa sunansa ranar kiran bautar ƙasa.

Abin da ya fi ga mahaifi, ko bai iya boko ba, ya sa a buɗe masa shafin a gabansa, a ofishin Hukumar da ke Gusau ko cibiyar da ta yarda da ita, a karanta masa. Ya ji ko an ɗora sakamakon sakandare, na WAEC ne ko NECO ko na Hukumar Larabci ta NBAIS. Ya ji wace makaranta ce a zaɓin farko, da makin da ta tsaya a kansa bara a wannan fanni. Lambar sirri ta shafin kuwa kada a bar ta hannun mai shagon kwamfuta, domin wanda ya riƙe ta yana iya danna karɓa ko ƙi da sunan yaron.