Ƙorafi Kan Korar Ɗana Daga Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi,

Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, mahaifiyar yaro ɗan shekara 16 da wata sakandaren gwamnati ta kora makonni uku da suka wuce, bayan an samu tiramol a aljihunsa. Ƙwayar tasa ce, ya amsa a gabana. Kukana a kan shekara huɗun da suka gabaci wannan rana yake.

Tun yana aji ɗaya malamai ke aiko mini da ƙararsa: ba ya zama wuri ɗaya, ya fara aiki ya watsar, ya yi jinga ya manta littafin a gida, magana ta kuɓuce masa kafin ya auna ta. Maganin makaranta kullum ɗaya ne, bulala da sharar fili. Sau biyu na roƙi a haɗa shi da malamin ba da shawara, aka ce mini wanda ke riƙe da muƙamin shi ke koyar da lissafi a aji shida, ba shi da sukuni. Yaron da aka shekara huɗu ana kira daƙiƙi a gaban 'yan ajinsu, wa zai yi mamaki in ya koma majalisar da ba a yi masa gori?

Sai bayan korar na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ni da na yi shekara talatin a asibiti, abin kunya. Ya ce yaron yana da lalurar nan ta ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzamin mutum: shi ke riƙe umarni, ya tsara aiki, ya ce dakata. Ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi ya riga shi ƙosawa tun farkon balaga. Wanda linzaminsa ya fi na tsaransa rauni shi ya fi saurin karɓar abin da aka miƙo masa, ƙwayar kuma ta ƙara sassauta linzamin. A Dunedin ta ƙasar New Zealand an bibiyi yara fiye da 1,000 daga haihuwa har shekara 32, sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai a yarinta sun fi faɗawa ƙangin shaye-shaye.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani fim ɗin bincike da BBC ta yi a kan maganin. Madalla. Amma kwalba aka hana. Yaron da ke neman abin da zai kwantar masa da kai yana nan. Maƙwabta har sun fara ba ni shawarar gidan mari, kamar ba mu ga mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ina roƙon a mayar da ɗana aji da sharaɗin ci gaba da ganin likita. Takardar asibiti na haɗe da wannan wasiƙa. Shekara mai zuwa zai zana jarrabawar WAEC, yanzu kuwa tun safe yana zaune a ƙofar gida, daura da shagon da ya fara sayen ƙwayar. Ina kuma roƙon a umarci shugabannin makarantu kada su sake korar ɗalibi kan shaye-shaye sai malamin ba da shawara, wanda ba a ɗora wa wani darasi ba, ya zauna da shi da iyayensa, an kuma tura shi asibiti.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya.

Taka mai biyayya,
Mahaifiyar ɗalibin